Tasha ce ke gina unguwa, ko unguwa ce ke ciyar da tasha?

Maryam Ɗaliba:
Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, ina neman a taimaka mini da wata tambaya da ta tsaya mini a kundin digirina na biyu. Maudu'in shi ne abin da masana tsara birane ke kira TOD: a tattara gidaje da shaguna da ofisoshi a kewayen tashar jirgin ƙasa ko ta bas, cikin tazarar da mutum zai taka da ƙafa a minti goma, kimanin mita 800. Peter Calthorpe ne ya yaɗa sunan a 1993, kuma tun daga nan hukumomin birane da Bankin Duniya suka rungume shi hannu bibbiyu. Abin da ake cewa zai haifar kowa ya sani: jama'a su rage hawa motocinsu, hayaƙi ya ragu, jirgi ya samu fasinja, mai ƙaramin ƙarfi ya isa wurin aiki ba da wahala ba.

Sai na karanta bitar da Reid Ewing da Robert Cervero suka yi a 2010, inda suka tattara sakamakon bincike masu yawa suka auna su wuri guda. A ƙiyasinsu, in aka ninka yawan jama'ar unguwa, nisan da mutane ke tuƙawa ba ya raguwa sai da kusan kashi 4 cikin ɗari. Kusanci da tasha ma tasirinsa wajen kashi 5 ne. Ni kuwa waɗannan biyun su ne ginshiƙin abin da nake karewa. Ni ce ban fahimci lissafin ba, ko kuwa tsarin ne ake zuzutawa fiye da ƙarfinsa?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Maryam, kada wannan lamba ta karya miki gwiwa. Galibin binciken da suka tattara na Amurka ne, inda aka shimfiɗa yawancin unguwanni bayan kowa ya mallaki mota. Ki dubi Japan. A 1910 Ichizo Kobayashi ya buɗe layin dogon da daga baya ya zama kamfanin Hankyu a Osaka. Ya san hanyar ba ta da isassun fasinja, sai ya sayi filaye a bakin tashoshi, ya gina gidaje yana sayarwa biya kaɗan-kaɗan, ya kafa wurin shaƙatawa a Takarazuka can ƙarshen layi, sannan a 1929 ya buɗe katafaren kanti a tashar Umeda. Da hannunsa ya samar wa jirginsa fasinja. Kamfanin Tokyu ya bi wannan sawu a kudu maso yammacin Tokiyo bayan yaƙin duniya na biyu. A Hong Kong yau kusan kashi 90 cikin ɗari na zirga-zirgar kullum a sufurin jama'a ake yin ta. Wane bincike kuma muke jira?

Malam Auwalu:
Injiniya, da girmamawa, ido yana ganin sakamako amma ba ya nuna sanadi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Da ka tarar mutanen da ke zaune kusa da tasha ba sa tuƙi sosai, abu biyu zai iya kasancewa. Ko tashar ce ta canja su, ko kuwa waɗanda dama ba sa son tuƙi, ko ba su da halin mota, su ne suka nemi gida kusa da tashar. In na biyun ne, to ka gina tasha ɗari, mai son motarsa yana nan da ita, kawai ka ba wasu wurin taruwa ne. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu binciken fannin.

Ga wanda ya fi tsaya mini a rai. A 2013 Daniel Chatman ya fitar da binciken gidajen da ke kewayen tashoshin jirgi goma a arewacin jihar New Jersey. Tabbas mazauna sababbin gidaje kusa da tasha sun fi ƙarancin mota. Amma da ya ware abubuwan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga mafi yawan bambancin ba daga jirgin ya fito ba. Daga ƙarancin wurin ajiye mota ne, da ƙanƙantar gidajen da kasancewarsu na haya, da yawan bas a unguwar, da kusancin shaguna. Wato ana yaba wa jirgi aikin da wasu abubuwa suka yi. Ƙari kan haka, Gilles Duranton da Matthew Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka ƙara sufurin jama'a bai rage jimillar tuƙi ba, domin duk gurbin da wani ya bari a kan titi wani direban ne ke cike shi.

Injiniya Bashir:
To Malam, me kake so a ce? A daina shimfiɗa layin dogo ke nan?

Malam Auwalu:
A'a, ban ce haka ba. Jirgi yana ɗaukar jama'ar da titi ba zai taɓa ɗauka ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalili a babban birni. Abin da nake ƙi shi ne a kashe kuɗi mai yawa a kan tasha, a kafa benaye biyu a gefenta kowanne da makeken filin fakin, sannan a rubuta a rahoto cewa an rage hayaƙi.

Dakta Rabi:
Maryam, kin karanta lambobin daidai, amma ba ki kai ƙarshen teburin ba. A wannan bitar ta 2010, abin da ya fi kowanne tasiri shi ne yawan wuraren aiki da mutum zai iya kaiwa cikin sauƙi daga gidansa, da kusancinsa da tsakiyar gari. Tasirin waɗannan ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Yadda tituna ke haɗuwa da juna, wato gajerun layuka masu yawan mararraba, shi ma ya fi yawan jama'a tasiri nesa ba kusa ba. Su kansu marubutan sun ce kowane abu shi kaɗai ƙarami ne, amma in suka taru suna iya yin yawa. Tun 1997 Cervero da Kara Kockelman suka kafa wannan hanya ta rarraba abin kashi uku: yawan jama'a, cakuɗuwar gidaje da sana'o'i, da fasalin tituna. Daga baya aka ƙara nisan tasha da sauƙin kaiwa wuraren da ake buƙata.

Ma'anar wannan a aikace tana da nauyi. Gida mai hawa ashirin a bakin tashar da ke can bayan gari, wadda jirginta ba ya kaiwa inda ayyuka suke, ba zai hana kowa tuƙi ba. Gida mai hawa huɗu a tsakiyar gari, ko da tashar na da ɗan nisa, zai fi shi. Darajar tasha tana ga inda take kai mutum.

Batun da Malam Auwalu ya kawo gaskiya ne, amma an bi shi an auna. A 2009 Xinyu Cao da Patricia Mokhtarian da Susan Handy sun duba bincike 38 da suka yi ƙoƙarin ware son rai na mazauna daga tasirin unguwa. Kusan dukkansu sun samu cewa tasirin unguwa yana raguwa in aka cire son rai, amma ba ya ɓacewa. Akwai kuma bincike biyu da nake so ki karanta da kyau saboda yadda aka tsara su. Na farko, lokacin da za a buɗe layin jirgi na Expo a Los Anjelis a 2012, Steven Spears da Marlon Boarnet da Douglas Houston sun auna tafiye-tafiyen gidaje kafin buɗewa da bayanta, na kusa da tasha da na nesa. Mutane ɗaya ne, gidaje ɗaya, jirgi kawai aka ƙara. Na kusa sun rage tuƙi da kusan mil 10 a rana idan aka kwatanta da na nesa. Na biyu, Adam Millard-Ball da abokan aikinsa sun yi amfani da gidaje masu rangwame a San Faransisko waɗanda ake rabawa ta hanyar ƙuri'a. Tun da ƙuri'a ce ta ba mutum gidan, ba a ce shi ya zaɓi unguwar ba. Sun samu cewa waɗanda suka faɗa ginin da ke da wurin fakin mai yawa sun fi mallakar mota, sun fi tuƙi, sun fi ƙarancin hawa bas da jirgi. Kuma rashin wurin fakin bai hana sauran samun aiki ba.

Don haka ni a ganina Injiniya da Malam kowa ya riƙe gefe ɗaya na magana guda. Tasha tana aiki, amma abin da aka yarda a gina a ƙasar da ke kewaye da ita shi ke yanke yawan aikin.

Malam Auwalu:
Dakta, na karɓi na ƙuri'ar nan, domin shi ne mafi tsafta a duk abin da na gani a fannin. Sai dai ki lura, abin da ya fi fitowa fili a cikinsa fakin ne, wato maganar Chatman ce dai ta dawo, da ta marigayi Donald Shoup da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da dokar tilasta wa mai gini ya tanadi wurin mota. Na layin Expo kuwa gidajen da aka bi ba su da yawa, kuma lokacin gajere ne. Ina son in ga abin da ya faru bayan shekara goma, lokacin da haya ta tashi wasu suka fita wasu suka shigo.

Dakta Rabi:
Wannan sukar taka mai kyau ce, ban musa ba. Kuma masu doka sun ji maganar fakin ɗin: a 2022 Kalifoniya ta zartar da dokar da ta hana ƙananan hukumomi tilasta wurin ajiye mota ga gine-ginen da ke cikin rabin mil, wato kimanin mita 800, daga babbar tasha.

Baba Garba Safiyo:
Ku yi mini haƙuri in sa baki, ni aikin awon ƙasa na yi har na ajiye. Duk abin da kuke faɗa a kan ƙasa yake zaune, kuma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: filin da ke bakin tashar na wane ne, kuma wa ke da ikon cewa ga abin da za a gina a kai?

Injiniya ya ambaci Hong Kong. Can kusan duk ƙasar ta gwamnati ce, haya take bayarwa. Tun da MTR, kamfanin jirgin ƙasa na birnin, ya fara jigila a 1979, gwamnati kan ba shi damar gini a kan tasha da kewayenta a farashin da filin yake da shi kafin zuwan jirgi. Shi kuma sai ya haɗa kai da masu gini, ya ci ribar ƙarin darajar da jirgin ya jawo, ya zuba ta a aikin layin. Cervero da Jin Murakami sun yi nazarin wannan a 2009. Abin sha'awa ne, amma wanda ba shi da ƙasar a hannunsa ba zai kwaikwaya ba.

A Japan ƙasar ta mutane ce, filaye ƙanana-ƙanana masu yawan magada. Sai suka yi amfani da wata dabara: masu filaye su haɗa su wuri guda, a sake yanka su bisa tsari, kowa ya ba da wani kaso don titi da lambu da filin da za a sayar a biya kuɗin aikin, sannan a mayar masa da ƙaramin fili wanda ya fi na da daraja. Da haka aka gina yawancin unguwannin layin Tokyu. Wannan aiki ne na shekaru, na zama da mutane gida-gida, kuma yana buƙatar rajistar filaye da kowa ya amince da ita.

Har a Amurka akwai misali. Lokacin da ake tsara jirgin birnin Washinton, an so layin ya bi tsakiyar babbar hanyar mota ta gundumar Arlington, domin ya fi araha. Gundumar ta dage a bi da shi ƙarƙashin tsohon titin kasuwancinta, da tashoshi biyar kusa da juna daga Rosslyn zuwa Ballston, aka kai Ballston a 1979. Sannan ta yi doka: dogayen benaye a bakin tasha, tsawo yana raguwa yayin da ake nisa, tsofaffin unguwanni a bar su yadda suke. Ku kwatanta da BART, jirgin yankin San Faransisko, wanda aka buɗe a 1972. Bayan shekara ashirin Cervero da John Landis suka duba, suka tarar gini ya taru a tsakiyar San Faransisko da wasu 'yan tashoshi kaɗan, saura kuwa filin ajiye mota ne ya kewaye su, a wurare da dama ma mazauna ne suka ƙi yarda a canja dokar gini. Jirgi iri ɗaya, zamani ɗaya. Bambancin a ofishin filaye aka yi shi.

Maryam Ɗaliba:
Baba, Allah ya saka da alheri. Wannan ya buɗe mini ido, domin duk karatuna a kan tafiye-tafiye na tsaya, ban taɓa shiga batun mallakar ƙasa ba.

Hajiya Zainab:
Ina biye da ku tun farko, kuma har yanzu ban ji wanda ya tambayi wa zai zauna a gidajen nan ba. Baba ya ce jirgi yana ƙara wa ƙasa daraja. Haka ne, kuma wannan ƙarin a kan ɗan haya yake sauka. A Bogota, bayan buɗe TransMilenio, tsarin bas mai hanyarsa ta musamman da ake kira BRT, a Disambar 2000, Daniel Rodríguez da Felipe Targa sun auna kuɗin hayar gidaje, suka samu cewa duk ƙarin tafiyar minti biyar daga tasha yana rage haya da tsakanin kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari. Ku juya lissafin: kusanci da tasha tsada ne. Wanda ya fi kowa buƙatar bas ɗin shi ne wanda ba zai iya biyan zama kusa da ita ba.

Ku dubi Kuritiba ta Birazil, wadda ake koyar da ita a kowane aji. A 1974 aka buɗe hanyar bas ta farko a zamanin magajin gari Jaime Lerner, aka ba da izinin dogayen benaye a gefen hanyoyin bas kaɗai. In ka ga hoton garin daga sama, benayen a jere suke bisa layin. Amma masu binciken can sun nuna cewa masu hali ne suka fi zama a benayen, da motocinsu a ƙasa, yayin da ɗimbin fasinjan daga unguwannin gefen gari da ƙananan garuruwan kewaye suke shigowa. Kuritiba tana cikin biranen Birazil da suka fi yawan mota idan aka auna da yawan jama'a. Matthew Kahn ya duba birane 14 na Amurka a 2007, ya ga unguwannin da ake zuwa tasharsu da ƙafa sun fi jawo masu kuɗi da masu digiri fiye da waɗanda ake zuwa da mota a ajiye. Wato daidai irin tashar da muke yabo ita ce ke jawo su.

Wannan abu yana ci mini rai. A yi aiki da sunan talaka, da kuɗin harajin kowa, sannan a wayi gari ya koma inda bas ba ta zuwa.

Malam Auwalu:
Hajiya, damuwarki a wurinta take, amma hujjar ba ta kai ƙarfin da kika ba ta ba. Tashin haya daban, korar mutane daban. A 2019 Miguel Padeiro da abokan aikinsa sun bi bincike 35 a kan wannan batu, suka ce sakamakon ya rarrabu, kuma abin da ya fi yanke hukunci shi ne yanayin unguwar tun asali da manufofin hukuma, fiye da tashar kanta. Elizabeth Delmelle da Isabelle Nilsson sun bi bayanan iyalai na tsawon shekaru a Amurka, ba su samu shaidar cewa masu ƙaramin ƙarfi sun fi ƙaura daga unguwar da aka buɗe wa sabuwar tasha ba.

Hajiya Zainab:
Na san wannan binciken, Malam. Yana ƙirga wanda ya fita. Ba ya ƙirga wanda ya so shigowa ya tarar ba zai iya ba, ko wadda ta zauna amma rabin abin da take samu yana tafiya a haya, ko ɗan da ya girma a unguwar ya yi aure ya rasa ɗaki a cikinta. Unguwa tana iya canja mutanenta gaba ɗaya cikin shekara goma sha biyar ba tare da an kori ko mutum ɗaya ba. Kuma wanda aka fi matsa wa shi ne ya fi ɓacewa daga takardun masu bincike, domin ba shi da adireshi tsayayye da za a sake samunsa.

Malam Auwalu:
Wannan na yarda da shi, gibi ne na gaske a bayanan. Inda muka rabu shi ne magani. Ni ina ganin haya tana tashi a bakin tasha ne saboda irin waɗannan unguwanni sun yi kaɗan. A ƙyale a gina da yawa a kowace tasha, tsadar za ta sassauta.

Hajiya Zainab:
A gina, ban hana ba. Amma hukuma ta sayi fili kafin ta sanar da hanyar layin, ta ware shi don gidajen haya masu sauƙi. In aka jira sai an kafa tasha, farashin ya riga ya tsere. Singafo ta tsara garuruwanta da layin jirgi tare tun shirin 1971, jirgin ya fara aiki a 1987, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙasar a gidajen da hukumar gidaje ta gina suke zaune. Can ba a bar wa kasuwa ita kaɗai ta zaɓi wanda zai kwana kusa da tasha ba.

Nasiru:
Malamai, ni ƙaramin ɗalibi ne, tambaya ɗaya gare ni. Duk awon da ake yi na rage tuƙin mota ne. To a biranen da yawancin mutane dama ba su da mota, ƙafa suke takawa ko ƙananan bas da babura na haya suke hawa, kuma jama'a sun riga sun yi yawa a unguwanni, me za a auna? Kamar an ɗauko tambayar wasu an ɗora wa wasu.

Dakta Rabi:
Nasiru, tambayarka ita ce mafi muhimmanci a zaren nan, kuma fannin bai gama amsa ta ba. Inda jama'a suka riga suka cika, ƙara cika su ba shi ne aikin ba. Abin da ya kamata a auna shi ne ayyuka nawa, makarantu nawa, asibitoci nawa mutum zai iya kaiwa cikin awa ɗaya da kuɗin da yake iya biya, da kuma ko zai isa tashar lafiya ba tare da ya tsallaka titi mai layi shida ba.

A 2014 Cervero da Danielle Dai sun duba Bogota da Ahmedabad ta Indiya. Suka ga an tsara BRT ɗin ne don kwasar mutane da sauri da araha, don haka aka kafa tashoshi a tsakiyar manyan tituna, inda sai an hau doguwar gada kafin a kai. Irin wannan tasha tana ɗaukar fasinja, amma ba ta zama cibiyar unguwa, domin babu ƙofar shago ko ta gida da ke kallonta. Johannasbag kuma darasinta daban. An buɗe BRT ɗinta, Rea Vaya, a 2009, a 2013 aka ƙaddamar da shirin cika gefen hanyoyin da gidaje da ayyuka, domin mulkin wariyar launin fata ya jefa baƙar fata can nesa da wuraren aiki, irin su Soweto. Sakamakon wannan nisa shi ne bas ta cika maƙil da safe zuwa gari, ta dawo kusan wayam, kuma fasinja ba sa sauka a hanya balle wani ya hau kujerar. Kuɗin tikiti ba ya rufe kuɗin gudanarwa a irin wannan yanayi. Nan za ki ga, Maryam, cewa fasalin gari yana shiga har cikin asusun kamfanin bas.

Shi ya sa nake ganin darasin Kopenhagen da Stokholm ya fi na dogayen benaye amfani. Shirin Kopenhagen na 1947 ya shimfiɗa garin bisa layukan jirgi biyar kamar yatsun hannu, aka bar tsakaninsu fili kore, daga baya kuma aka yi ƙa'idar cewa manyan ofisoshi sai kusa da tasha. A Stokholm an buɗe sabuwar unguwar Vällingby a 1954 da niyyar mutane su yi aiki inda suke kwana. Yawancinsu sun ƙare suna aiki a wani wuri, amma da jirgi suke zuwa. Wurin aiki kusa da tasha yana da nauyi ƙwarai, domin mutum yana iya jure doguwar tafiya daga gida zuwa tasha, amma in ya sauka ba shi da abin hawa. Erick Guerra da Cervero da Daniel Tischler sun gwada da'irar rabin mil ɗin nan a 2012, suka ga ta dace da gidaje, amma ga wuraren aiki rubu'in mil ya fi hasashen yawan fasinja.

Injiniya Bashir:
Batun tashar tsakiyar titi ya taɓa ni, domin mu injiniyoyi ne ke zaɓar wurin, kuma abin da ake ba mu mu rage shi ne kuɗin gini da biyan diyya. Ba a taɓa sa mana darajar filin da ke kewaye a cikin lissafin ba. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: sai an fara samun sufuri mai zuwa a kan lokaci, kowane minti biyar ko goma, kafin wani ya yarda ya sayar da motarsa ko ya fasa saye. Fasalin unguwa ba ya ɗaukar kowa zuwa ko'ina.

Maryam Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, malamaina. Ina tunanin canja tambayar kundin. Maimakon in tambayi ko tsarin yana rage tuƙi, zan ɗauki tashoshin layi ɗaya in tambayi me ya sa wasu suka jawo gini wasu ba su jawo ba, kuma su wa ke zaune a abin da aka gina. Dakta, da wane ma'auni zan fara?

Dakta Rabi:
Ki fara da ma'aunin Luca Bertolini na 1999, wanda ya gwada a tashoshin Holan. Kowace tasha ana ba ta maki biyu. Ɗaya na sufuri: jirage ko bas nawa a awa, hanyoyi nawa, wurare nawa take kaiwa. Ɗaya na wurin: mazauna nawa, ma'aikata nawa, sana'o'i iri nawa. In kika jera su, nan take za ki ga tashar da sufurinta ya fi unguwarta ƙarfi da wadda unguwarta ta fi ƙarfin sufurinta. Sai dai ma'aunin ba ya ganin hanyar ƙafa kuma ba ya ganin haya, don haka ki ƙara su da kanki. Kada ki zana da'ira a taswira ki ce mita 800, ki bi titunan da ake takawa a zahiri, domin katanga ɗaya ko babbar hanya ɗaya tana iya cinye rabin da'irar.

Baba Garba Safiyo:
Ki ƙara shafi ɗaya a teburinki, 'yata: girman filaye da yawan masu su a kewayen kowace tasha, da shekarar da aka canja dokar gini a wurin, in an canja.

Malam Auwalu:
Kuma ki nemi bayanan kafin a sanar da layin, ba na kafin a buɗe shi ba. Masu sayen fili ba sa jiran ranar buɗewa, da jin labari suke motsi, don haka in kika fara ƙirga daga ranar da jirgi ya fara tafiya, rabin tashin farashin ya riga ya wuce ki. Ki kuma zaɓi wasu unguwanni masu kama da su waɗanda layin bai bi ta cikinsu ba, ki auna su a shekaru ɗaya, in ba haka ba duk abin da ya faru a garin baki ɗaya za ki ɗora wa tashar.